Allon da Ba Ya Yi Mana Daɗin Baki

Karatu: 1 Sarakuna 22:1-38, Yakubu 1:22-25



Duk wanda ya zo sujada a makonnin nan ya ga sabon teburin da aka kafa a bayan majami'a, da alluna biyu a kansa, da 'yan'uwanku uku zaune sun zuba musu ido. Wasu iyaye sun tambaye mu, "Baba Fasto, tunda akwai talabijin a bango, waɗannan kuma na mene ne?" Tambayar tana kan hanya, domin da kuɗin baiko aka saye su, kuɗin baiko kuwa gumin jama'a ne. Za mu amsa a nan dalla-dalla, domin masu aikin teburin su san dalilin abin da suke yi, sauran kuma su ɗauki darasin da ke ciki. Sunan allon nan monita, aikinsa guda ɗaya ne: ya nuna mana gaskiyar abin da muke aika wa mutanen da ba sa tare da mu a ɗaki.

Waɗanda ke ɗaya gefen

A watan Maris na 2020, da cutar korona ta sa aka rufe wuraren ibada a Jihar Kaduna, ikkilisiyoyi da yawa a nan Unguwar Boro da Sabon Tasha da Narayi da Romi suka koma ga waya. Mu ma haka muka fara, waya ɗaya a jingine da littattafan waƙa, wa'azi yana tafiya ta Facebook. Da aka buɗe majami'u ba mu daina ba, saboda mun riga mun san su wane ne ke kallo. Akwai mamar da ciwon ƙafa ya kwantar, wadda ta yi shekaru tana jagorar waƙa a zumuntar mata. Akwai ɗalibanmu da ke Zariya, da masu bautar ƙasa a kudu, da sojan da ke bakin daga, da 'yar'uwar da ke aikin jinya a Ingila, wadda sai ta wannan hanya take jin wa'azi da Hausa. Su ma ikkilisiya ne. Idan hoto ya yi duhu ko murya ta shaƙe, su ne aka rufe wa ƙofa, mu da ke ciki kuwa ba za mu sani ba.

Aika bishara ta iska ba sabon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun saurari Muryar Bishara, wadda ake shirya shirye-shiryenta na Hausa a Jos, ana watsa su daga Addis Ababa ta ƙasar Habasha, daga gidan rediyon da ya yi aiki tun 1963 har zuwa 1977. Kaduna kuma ta san talabijin tun 1962, lokacin da gidan rediyo da talabijin na Arewa ya fara aiki. Bambancin shi ne, a wancan zamani ƙwararrun injiniyoyi ne ke zaune a ɗakin sa ido suna duba kowane hoto kafin ya fita. Yau wannan nauyi ya sauka a kan ɗan shekara 19 mai zuciyar hidima. Dole mu ba shi kayan aiki da ilimin da zai riƙe amanar.

Bambancin monita da talabijin

Talabijin da ke shago an saita shi ne domin ya ja mai saye. Yana ƙara haske, ya ƙara kaifin launi, ya goge tabon hoto, wani ma yakan yanke gefe-gefen hoton kaɗan. Ko mummunan hoto ka ba shi, zai yi masa kwalliya kafin ya nuna maka. A falo wannan ba laifi. A teburin watsa shiri kuwa haɗari ne, domin mai aiki zai ga komai ya yi kyau alhali abin da ke isa wayar mama ya lalace.

Monita ana saita shi ne bisa ma'aunin da ba shi ya ƙirƙira ba. Tun 1990 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar da ake kira Rec. 709, wadda ta fayyace yadda ja da kore da shuɗi da fari za su kasance a hoton talabijin na zamani, domin abin da aka ɗauka a Kaduna ya fito da kamanninsa a Landan. Ikkilisiyar da ba ta da ƙarfin sayen monita na ƙwararru tana iya amfani da allon kwamfuta mai kyau, ko ma talabijin, muddin an shiga saitinsa an kashe duk kwalliyar nan.

Yadda aka haɗa shi

Da farko aka zaɓi wuri. An sa teburin inda hasken taga ba ya dukan alluna, inda kuma mai aiki zai ɗaga kai ya ga bagade da idonsa. Sai igiyoyi. Kebul na HDMI, irin na bayan dikoda, ba a amince masa idan ya wuce kamar mita 10 zuwa 15. Kyamarar da ke kusa da mawaƙa ta fi haka nisa, don haka aka ja mata kebul na SDI, wanda ke kai hoto wajen mita 100, aka sa ƙaramin akwatin da ke juya shi zuwa HDMI a bakin tebur. Kowace igiya an liƙa mata suna a kai da gindi, an kuma raba hanyarta da ta wayar wuta. Duk kayan teburin suna shan wuta daga inbata, domin kada shirin ya yanke a tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta.

Kyamarori uku suna shiga akwatin sauya hoto mai suna ATEM Mini Pro, wanda ke karɓar har huɗu. Masu kwamfuta kaɗai suna iya yin irin wannan aiki da manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce. Allo na farko an raba shi gida-gida, kowace kyamara da gidanta, a sama kuma akwai manyan gidaje biyu. Kyamarar da aka zagaye da kore ita ce ke jiran layi, ba wanda ke ganinta sai mai aiki. Wadda aka zagaye da ja ita ce duniya ke kallo. Allo na biyu yana nuna wannan hoto mai fita shi kaɗai, cike da allo.

Kafin a yarda da allon, sai an gwada shi. Ana ɗora masa hoton gwaji, ratsin launuka da tsofaffi suka saba gani kafin a buɗe tasha, daga fari da rawaya har zuwa ja da shuɗi. A ƙasan hoton akwai ƙananan ratsi uku masu duhu: ɗaya ya fi baƙi duhu, ɗaya baƙi ne daidai, ɗaya ya ɗan fi baƙi haske. Ana murza hasken allon har biyun farko su haɗe su zama ɗaya, na ukun kuma a riƙa ganinsa da ƙyar. Nan ne daidai. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai ido yana gajiya, yana kuma sabawa da abin da ya daɗe yana kallo. Shi ya sa ake kawo masa mudu.

Sai kyamarori. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Kyamarar da ta zo da saitin Amurka, idan ta haɗu da fitilunmu, sai a ga wasu ratsi suna yawo a hoto. Maganin shi ne a mayar da dukansu kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa. Akwai kuma batun fuska. Idan mai wa'azi ya sa farar riga, ko taga tana bayansa, kyamarar da aka bari ta yi wa kanta hukunci takan rage haske saboda farin, sai fuskarsa ta nutse cikin duhu. Saboda haka ana saita hasken da hannu, ana bin fuska. Kyamara tana da wasu ratsi kamar na jakin dawa da ke fitowa a inda haske ya yi yawa, su ne ke gargaɗi idan rigar ta fara ƙonewa a hoto.

Murya ta fi hoto muhimmanci, domin bangaskiya ta wurin ji take zuwa. Mutum zai jure hoto mai hazo, amma ba zai zauna minti biyar da murya mai tsatsa ba. A gefen allo akwai sandunan da ke tsalle, kore zuwa rawaya zuwa ja. Ƙololuwarsu sifiri ne, murya kuma idan ta buga can ta fashe, ba mai iya gyara ta daga baya. Mai kula da sauti yana sa abin ji a kunne, saboda abin da ɗaki ke ji daban ne da abin da ke fita. A ɗaki ganga tana cika kunne ko ba makirufo, jama'a suna amsa waƙa bango yana girgiza. A waya kuwa ba abin da ke isa sai abin da makirufo ya ɗauka. Don haka aka rataye makirufo ɗaya yana fuskantar jama'a, domin mai kallo a gida ya ji "Amin" na 'yan'uwansa. Ana kuma tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin sujada, a ga ko ƙarar ta riga hoton, a daidaita su.

Monita na ƙarshe shi ne mafi araha: tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, da datarta daban, tana kallon shirin kamar yadda kowa ke kallo. Takan yi jinkirin wasu daƙiƙoƙi a bayan abin da ke faruwa a ɗaki. Idan intanet ya yi rauni hoto ya tsaya, ita ce ke fara faɗa, ko da manyan allunan suna nuna lafiya lau.

Annabawa 400 da mutum ɗaya

A kwalejin tauhidi ba a koya mana jan kebul ba, amma da muka tsaya muna kallon yadda ake kashe kwalliyar allo, sai labarin Ahab ya faɗo mana a rai. Ahab sarkin Isra'ila yana so ya ƙwato Ramot-gileyad daga hannun Suriyawa, ya gayyaci Yehoshafat sarkin Yahuza su tafi tare. Yehoshafat ya nemi a fara tambayar Ubangiji. Ahab ya tara annabawa wajen 400, dukansu suka ba shi amsar da yake so. Ɗayansu, Zadakiya, har ƙahonin ƙarfe ya ƙera domin ya nuna yadda za a tunkuyi abokan gaba. Hoto ne mai kyau, mai haske, ba tabo ko ɗaya.

Yehoshafat bai gamsu ba, ya tambaya ko akwai saura. Akwai Mikaiya ɗan Imla, amma Ahab bai ɓoye ƙiyayyarsa gare shi ba, dalilinsa kuwa shi ne mutumin ba ya faɗa masa abin daɗi. Ku lura, Ahab bai ce Mikaiya maƙaryaci ne ba. Ko manzon da aka aika ya kira shi sai da ya roƙe shi a hanya ya daidaita bakinsa da na sauran. Mikaiya ya faɗi abin da Ubangiji ya nuna masa, cewa rundunar za ta watse, sarki ba zai dawo ba. Ladansa mari da kurkuku. Ahab ya ɓad da kama ya shiga yaƙi, wani soja ya saki kibiya ba tare da ya san wa zai samu ba, ta shige ta mahaɗin sulkensa. Kafin dare ya rasu. Ya iya canza yadda ake ganinsa, bai iya canza abin da ke zuwa ba.

'Yan'uwa, kowannenmu yana da annabawansa 400 a aljihu. Manhajojin da ke wayarmu an gina su ne su riƙa kawo mana irin abin da muka nuna muna so. Kyamarar gaba tana goge ƙuraje, ta ƙara wa fata haske, har wasu 'yan'uwa mata da maza suka fara jin kunyar launin da Allah ya ba su, suka koma ga man bilicin. Abokai suna danna alamar so, ba mai cewa "wannan saurayin da kike bi ba zai kai ki ga alheri ba," ko "cacar ƙwallon nan tana cinye kuɗin makarantarka." Mai faɗa mana irin wannan magana kuwa, da sauri muke toshe lambarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wane ne Mikaiya a rayuwarka, kuma yaushe rabonka da ka saurare shi har ƙarshe?

Ma'auni yana gocewa

Allon da aka saita yau ba ya zama daidai har abada. Fitilarsa tana tsufa, ƙurar hunturu tana kwanta masa, wani kuma yakan zo ya murza haske domin ya fi masa daɗin kallo. Shi ya sa ƙa'idar teburin ita ce a ɗora hoton gwaji kowace Lahadi kafin a fara.

Lamirin mutum ma haka yake. Kyauta ce daga Allah, amma yana gocewa a hankali. Abin da ya hana ka barci bara, bana kana yinsa kana dariya, domin idonka ya saba. Lamiri ba ya iya gwada kansa da kansa, kamar yadda allo ba ya sanin cewa ya yi ja da yawa. Yana bukatar ma'auni daga waje. Manzo Yakubu ya kwatanta Maganar Allah da madubi, ya kuma yi gargaɗi game da mutumin da ke duba fuskarsa ya tafi ya manta abin da ya gani. A teburin baya, idan sandar murya ta shiga ja mai aiki ya zauna yana kallo bai taɓa komai ba, monitan bai amfane shi da kome ba. Karatun safe da ba ya sa mu mayar da kuɗin da muka riƙe, ko mu nemi gafarar wanda muka ɓata wa, ya tsaya a kallo ne kawai.

Abin da bai kamata ya fita ba

Gidan kore, inda hoto ke jira kafin ya fita, shi ne wurin da ƙauna ke aiki. Ba duk abin da kyamara ta gani ne ya dace duniya ta gani ba. Mu mazauna Ƙaramar Hukumar Chikun ba ma bukatar dogon bayani. Ba mu manta da 5 ga Yuli, 2021 ba, ranar da aka kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi a kan hanyar Kachiya, da watannin da iyaye suka yi cikin kuka. Shirin da ke Facebook kowa yana iya kallonsa, har da wanda ba sujada ta kawo shi ba.

Saboda haka dattawa suka amince da waɗannan ƙa'idodi. Ba a matso da kyamara kan fuskokin yaran makarantar Lahadi. Ba a watsa lokacin da ake ambaton sunayen masu alkawarin kuɗi. Sanarwar tafiya, da ranarta da hanyarta, sai bayan an rufe shiri. Wanda ya fito gaba yana kuka a gaban Ubangiji, a mayar da hoto kan gicciye ko mawaƙa, domin hawayensa ba na 'yan kallo ba ne. Mai ba da shaida a tambaye shi tukuna ko ya yarda a nuna shi. Akwai kuma kujeru a gefe da kyamara ba ta kaiwa, domin duk wanda ke da dalilin da ba sai ya faɗa mana ba.

Magana zarar bunu ce. Da zarar hoto ya tsallaka daga kore zuwa ja, ya tafi, ko an goge shi wani ya riga ya adana. Da ma kowannenmu zai sa wa bakinsa da yatsansa irin wannan gidan jira, ya duba saƙo kafin ya tura shi zauren WhatsApp na zumunta: gaskiya ne? Nawa ne da zan faɗa? Wa zai ji ciwo?

Ga masu zama a teburin

Mun lura cewa idan mawaƙi ya gane kyamara tana kansa, tsayuwarsa takan canza. Mu masu wa'azi ma jarabar tana bibiyarmu. A Matiyu sura 6 Ubangiji ya yi kashedi game da yin ibada domin idon mutane. Kyamara ta zo ne ta yi wa sujada hidima. Ranar da muka fara tsara sujada domin ta yi kyau a allo, mun juya abin a kife.

Ku kuma da ke riƙe da maɓallan, aikinku irin wanda ba a lura da shi ne sai ya lalace. Ba wanda zai zo ya ce muku murya ta fita tsab. Ubangiji yana gani. Amma ku yi hankali da wani abu: mutum yana iya yin shekara yana duba sandar muryar fasto bai ji wa'azi ko ɗaya ba. Domin haka muka raba ku rukuni-rukuni, wanda ya yi aiki wannan Lahadi, mai zuwa ya zauna cikin jama'a da Littafinsa a hannu. Kuma hoton da muke aika wa mama ba ya maye gurbin ƙafafunmu. Bayan sujada, wani ya je ya gaishe ta.

Don tunani a wannan mako

1. Wane ne ke da izinin faɗa maka gaskiya mai ɗaci? Idan babu, wa za ka roƙa?
2. Wane abu ne da can yake damun lamirinki amma yanzu ya daina? Me Maganar Allah ta ce a kansa?
3. Wane ɗan'uwa ne ba ya iya zuwa sujada, da za ka ziyarta kafin Lahadi?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai ne mai ganin abin da ke ɓoye. Ka tsare mu daga son muryoyin da ke yi mana daɗin baki. Ka ba mu zuciyar da za ta karɓi gyara, da ƙarfin halin faɗin gaskiya cikin ƙauna. Ka daidaita lamirinmu da Maganarka kowace safiya. Ka albarkaci hannuwan matasan da ke hidima a ɓoye, ka ziyarci marasa lafiya da na nesa da ke sujada tare da mu, ka kuma tsare Unguwar Boro da Kaduna baki ɗaya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.